Turanci A Sauƙaƙe: Ina Mazaunin Bayanau A Cikin Jimla?

Darasinmu na wannan mako a kan bayanau ne, abin da ake kira "adverb" a Turanci, wato kalmar da ke ƙarin bayani a kan yadda aiki ya auku, ko yaushe, ko sau nawa. Sanin kalmar kaɗai bai isa ba, sai mun san inda za mu zaunar da ita, domin idan ta gusa, ma'ana ma takan gusa.

Mu ɗauki misali daga Rafin Guza da ke gefen Kogin Kaduna, inda mutane ke sa ido a kan ruwa duk damina. A ce ɗalibai biyu sun rubuta rahoto. Na farko ya ce: "The river almost flooded every house." Na biyu ya ce: "The river flooded almost every house." Kalmominsu iri ɗaya ne. Amma na farko cewa ya yi saura ƙiris ruwa ya shiga gidaje, Allah ya kiyaye. Na biyu kuwa cewa ya yi ruwa ya shiga kusan kowane gida. Wanda ya karanta na farko zai yi hamdala, wanda ya karanta na biyu zai fara neman inda za a kwana.

Haka "only" take. A Hausa mukan sa "kaɗai" ko "kawai" bayan abin da muke nufi: Musa kaɗai ya ci tuwo, ko tuwo kawai Musa ya ci. Turanci yakan sa tasa a gaba: "Only Musa ate tuwo", da "Musa ate only tuwo."

Ga ƙa'idoji biyu da za mu riƙe. Ta farko, kalmomin yawan aukuwa irin su "always", "often" da "never" sukan zo kafin aikatau: "She always comes early." Amma sukan biyo bayan "is", "are" ko "was": "She is always early." Ta biyu, ba a cusa bayanau tsakanin aikatau da karɓau. "He speaks well English" kuskure ne, daidai shi ne "He speaks English well." A nan Hausa na taimaka mana, don mu ma "yana jin Turanci sosai" muke cewa.

Sai kuma batun da ke jawo gardama. Idan "to" ta haɗu da aikatau, kamar "to read" ko "to go", sunan wannan "infinitive". Idan aka sa bayanau a tsakaninsu, kamar "to carefully read", shi ake kira "split infinitive". Da yawanmu an koya mana cewa wannan haramun ne. Hanin ya yi ƙarfi ne a ƙarni na 19, musamman bayan littafin The Queen's English na Henry Alford, wani malamin coci a Ingila, wanda ya fito a 1864. A 1926 masanin Turanci H. W. Fowler ya nuna cewa gara a raba su da a rubuta jimla mai harshen damo. Yawancin masana nahawu na yau suna tare da shi.

Akwai ma inda rabawar ta zama dole. A "The price of rice is expected to more than double", wato ana sa ran farashin shinkafa zai wuce ninki biyu, duk inda muka kai "more than" ban da nan, jimlar ta lalace.

To, me za mu yi a zauren jarrabawa? Kowa ya san sai da kiredit a Turanci ake samun gurbi a jami'a, kuma masu makin insha'i na WAEC da NECO suna duba tsarin jimla. Shawararmu ita ce, idan bayanau zai koma ƙarshe ba tare da ma'ana ta sauya ba, mu mayar da shi: "to read the question carefully". Wannan ba ya saɓa wa kowane malami. Idan kuwa matsar da shi zai ɓata ma'ana, mu bar shi inda yake.

Ga aikin gida. Ku sa "only" a wurare uku daban-daban cikin "Zainab greeted the teacher on Monday", ku fassara kowace jimla da Hausa, sannan ku kai wa malaminku na Turanci ya duba. Amsoshin za su zo a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.