Sharhi: Tarar Laifin Tuƙi da Muhimmancin Rajistar Kotu

Duk direban da ke ɗauko tumatir daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 da ke Legas ya san cewa tafiyar, wadda ta kai kimanin kilomita 1,000, takan ratsa jihohin Kaduna da Neja da Kwara da Oyo da Ogun, kuma a kowace daga cikinsu akwai jami'an da ke iya tsayar da shi. Idan aka same shi da laifi, hanyoyi biyu ne a gabansa. Ko dai ya karɓi takardar tara ya shiga neman banki da ofis, motarsa na tsare, ko kuma ya ba da na goro a bakin titi ya wuce. Da yake tumatir ba ya jiran magatakardar kotu, ba abin mamaki ba ne idan ya zaɓi ta biyun. A nan ne baitulmali ke asarar kuɗi, doka kuma ke asarar kwarjini.

Bisa tsari, hanyar biyan tara a fili take. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa a 1988 ƙarƙashin shugabancin Farfesa Wole Soyinka, tana aiki ne da dokar da Majalisar Tarayya ta yi mata a 2007. Jadawalin dokar ya ƙayyade kuɗin kowane laifi: Naira 2,000 kan rashin ɗaura bel, Naira 3,000 kan gudun wuce ƙa'ida, Naira 4,000 kan amsa waya ana tuƙi, Naira 50,000 kan tuƙin ganganci. Jami'i kan rubuta wa mai laifi takardar sanarwa, shi kuma ya ciro lambar biya ta tsarin Remita, ya biya a banki ko ta wayar salula, sannan ya kai shaidar biya ofishin hukumar ya karɓi takardunsa ko motarsa. Wanda bai amince da laifin ba yana da damar a gurfanar da shi gaban kotu. Tun 2015, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta tilasta amfani da asusun bai-ɗaya, kuɗin shigar hukumominta na zarcewa ne kai tsaye zuwa Babban Bankin Nijeriya, ba tare da sun bi ta aljihun jami'i ba.

Wannan ci gaba ne da ya cancanci yabo. Sai dai biyan kuɗi rabin al'amarin ne kawai. Ɗaya rabin shi ne rubutaccen bayanin abin da ya faru: wane ne aka kama, da wane laifi, wane alƙali ya saurari ƙarar, nawa aka yanke, kuma yaushe aka biya. A wannan ɓangare ne aka bar direba a cikin duhu, musamman a kotunan tafi-da-gidanka, waɗanda kan zauna da safe a gefen hanya su tashi da yamma. Mutumin da aka yanke wa hukunci a ƙarƙashin rumfa a kan hanyar Ibadan, idan bayan wata shida ya buƙaci shaidar cewa ya biya, sai ya fara da tambayar wace kotun majistare ce ta aiko da alƙalin, sannan ya yi tattaki zuwa rajistarta, ya rubuta takardar neman kwafi, ya jira a binciko fayil.

Alhali kuwa wannan haƙƙi ne da Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tanada. Sashe na 36, ƙaramin sashe na 7, ya wajabta wa kowace kotu ta ajiye bayanin shari'ar laifi da ta yi, ya kuma ba wanda aka tuhuma ikon samun kwafin hukunci cikin kwana bakwai da kammala shari'ar. Ƙaramin sashe na 9 kuma ya hana a sake gurfanar da mutum kan laifin da aka riga aka yanke masa hukunci a kai. Amma sharaɗin wannan kariya shi ne mutum ya nuna cewa an riga an yi masa shari'ar. Wanda ba shi da takarda a hannu, kuma ba shi da hanyar dubawa a rajista, ba shi da abin da zai nuna.

Ta fuskar tattalin arziki, tara farashi ce da al'umma ke ɗora wa ganganci domin a rage shi. Ƙarfinta ya dogara kan abubuwa biyu, wato girman kuɗin da kuma tabbacin cewa za a biya shi. Na farko tuni hauhawar farashi ya zaizaye shi. A 2007 Naira 2,000 na sayen litar fetur kusan 30, amma a ƙarshen 2024 da ƙyar take sayen lita biyu. Saboda haka ne dokar ta haɗa kowace tara da makin laifi da ake rubuta wa direba: maki 2 kan bel, 4 kan waya, 10 kan tuƙin ganganci, ta yadda wanda makinsa ya taru zai iya rasa lasinsa. Hauhawar farashi ba ta cin maki. To amma maki ba ya taruwa sai da rajista. Muddin laifin da aka yi a Ilorin bai bayyana ga jami'in da ke Shagamu ba, direban da ya saba karya doka kullum sabon mai laifi ne.

Yawan hukumomi ya ƙara dagula lamarin. Baya ga FRSC da 'yan sanda, Legas na da LASTMA tun 2000, Kano na da KAROTA tun 2012, wasu jihohi da dama ma kowace da tata, ga kuma jami'an duba lafiyar motoci da aka fi sani da VIO. Kowace hukuma da takardarta, da asusunta, da littafinta. Ɗan kasuwar da ke da motoci goma a kan hanya ba shi da wuri guda da zai duba ya san ko ana bin ɗaya daga cikinsu tara. Mai sayen mota kwance shi ma ba ya iya tabbatar da cewa bai sayi bashin wani ba. Kamfanonin inshora kuwa, waɗanda a ƙasashe irin su Ingila da Amurka ke ƙara wa direba mai tarin laifi kuɗin inshora, a nan ba su da ma'aunin da za su bambanta mai hankali da mai ganganci.

Jihar Legas ta nuna irin nauyin da hukuncin laifin tuƙi ke iya kaiwa. A watan Satumba na 2022 gwamnatin jihar ta yi gwanjon motoci 134 da kotu ta ƙwace, akasarinsu saboda bin hannun da aka hana. Ga mai ƙaramar bas, wannan jarinsa ne kacokan. Haka kuma jihar na amfani da na'urorin ɗaukar hoto da ke karanta lambar mota, a aika wa mai ita saƙon tara ta waya. Tsarin na rage ciniki tsakanin jami'i da direba, amma yana ƙara bukatar rajista ingantacciya, domin wanda ya sayar da motarsa ba a canza suna ba, ko ya sauya lambar waya, na iya tara bashin da bai san da shi ba.

Kotuna ma sun fara jan kunne. A watan Oktoba na 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a Evelyn Maha, ta yanke hukunci cewa babu dokar da ta ba jami'an VIO na Babban Birnin Tarayya ikon ƙwace motoci ko ɗora wa direbobi tara. Darasin da ke ciki ya wuce Abuja. Idan mai kamawa shi ne mai yanke hukunci kuma shi ne mai karɓar kuɗi, an buɗe ƙofar zalunci. Haɗarin kan ƙaru a duk inda aka mai da tara hanyar cike giɓin kasafin kuɗi, domin hukumar da ake auna ƙoƙarinta da yawan abin da ta tara ba za ta yi murna da raguwar masu laifi ba.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ya kamata kowace takardar tara da kowane hukuncin kotun tafi-da-gidanka su samu lamba guda da za a shigar a rajista a ranar da aka yanke su, mai mota ya iya dubawa da lambar lasinsa ko ta motarsa, har da ƙaramar waya. Wajibi ne manyan alƙalan jihohi su umarci waɗannan kotuna su riƙa rubuta sunan rajistar da ke riƙe da fayil a jikin kowane rasit. Ya dace kuma FRSC da hukumomin jihohi su haɗa bayanansu wuri guda, su riƙa bayyana abin da suka tara a shekara da adadin ƙararrakin da aka sallama. Ƙungiyoyin direbobi da shugabannin 'yan kasuwa a Mile 12 da Agege da Sabon Ibadan su ma suna da rawar takawa wajen wayar da kan mambobinsu cewa kada su miƙa tsabar kuɗi ga jami'i, kuma su adana rasit kamar yadda suke adana lasin.

Direba zai ci gaba da yin lissafinsa a bakin titi, ya gwada kuɗin tara da kwanakin da zai ɓata da kayan da za su ruɓe, da abin da jami'i ya nema. Aikin hukuma ne ta tabbatar da cewa biya ta hanyar doka ya fi sauƙi, ya fi sauri, kuma yana barin shaidar da za a iya dubawa ko bayan shekaru.