Ƙidayar Kifi a Tafkin Escanaba

Tafkin Escanaba, ƙaramin tafki a arewacin jihar Wisconsin ta Amurka, ya cancanci kulawar mai karatu, domin tun 1946 babu mai jefa ƙugiya a cikinsa sai da izini, kuma duk abin da ya kamo sai an ƙirga an auna. Wannan haƙurin ƙidaya, wanda ya fi kowace doka ta gaggawa amfani, shi ya ba masana damar bin diddigin walleye, wato kifin ruwan sanyi mai ƙyallin ido da ke farauta da almuru. Fiye da shekara 50 ana kamunsa ba iyaka ana rubutawa, kafin a 2003 a wajabta mayar da duk wanda bai kai inci 28 ba cikin ruwa.