Ra'ayinmu: A Auna Ɗan Kasuwa Kafin A Ɗinka Masa Riga

Duk wanda ya zaga kasuwannin Magarya, Dungas, Bande ko Ɗan Ciyawo ya san wayar salula ta zama jari. Kafin mai hatsi ya ɗora buhu a mota sai ya kira Damagaram ya ji farashi. Mai awaki ma sai ya tambayi yadda aka tashi ranar Alhamis a Maigatari. Wata mai bincike daga Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ba mu da ja a kan amfanin waya. Kukanmu shi ne yadda ake tsara abin da ke fitowa a fuskarta, kamar ba don mu aka yi ba.

Mu ɗauki kuɗi. Mai ƙuli-ƙuli da mai daddawa da dala suke lissafi, waya kuwa da tamma take rubutu. In ta nuna 500, a bakin kasuwa dala ɗari ke nan. Yaron da aka miƙa wa ya duba, in ya ce "ɗari biyar", uwarsa 2.500 za ta ji. Ninki biyar ke tsakani, kuma a nan ake rabuwa da ribar mako guda.

Haka ma awo. Hukumar SIMA mai bin farashin kayan gona da kilo take ba da rahoto, alhali da tiya da buhu ake ciniki. Ga shi kuma mu mutanen bakin iyaka ne, hannu ɗaya sefa, hannu ɗaya naira. Tun da naira ta faɗi a 2023, wanda ya ji farashin wake a Kano bai san canjin ranar ba, rabin labari ya ji. Sannan yawancin umarnin tura kuɗi da Faransanci yake zuwa, a rubuce, ga matan da galibinsu ba su yi boko ba. Dole su miƙa waya da lambar sirri ga wani, asirin jarinsu ya fita hannunsu.

Masu cewa ƴan kasuwa ne ba su waye ba, ba su yi adalci ba. Matar da ke riƙe bashin mutum ashirin a ka, ba ta ɓatar da ko dala, ba lissafi ne ya gagare ta ba. A 2009 da 2010 an gwada koyar da salula a azuzuwan yaƙi da jahilci na jihohin Damagaram da Doso, waɗanda aka koya wa kuwa suka fi sauran a karatu da lissafi. Da zarar abu ya zo daidai da mutum, zai kama shi.

Tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai riga. Saboda haka muna kira ga kamfanonin waya, da gidajen aika kuɗi, da hukumomin farashi, su sauko daga Yamai su wuni a rumfa. Su miƙa wa mai gero abin da suka tsara, su yi shiru, su ga inda za ta tsaya. Wurin da ta tsaya, nan gyara yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da muke nema ba shi da yawa. A faɗi farashi da murya, cikin Hausa, da tiya da buhu, tare da sunan kasuwa da ranar da aka ɗauke shi, don farashin makon jiya ba ya sayen kayan yau. A nuna kuɗi da tamma da dala gaba ɗaya. Kafin kuɗi su tafi, waya ta ambaci sunan mai karɓa da ladan da za a cire, ta jira a amince. Kuma duk wannan ya yi aiki a ƙaramar waya mai maɓalli, wadda ita ce a hannun talaka. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, to ya kamata a ji haka har cikin waya.

Ku kuma ƴan kasuwa, iyayenmu mata da maza, kada ku yi shiru. Ku ce wa mai shagon tura kuɗi ya faɗa muku adadi da dala kafin ya danna. Ku riƙe lambar sirrinku. Shugabannin ƙungiyoyinku su kai wannan buƙata a rubuce ga magadan gari da wakilan kamfanoni. Da kuɗinku ake juya wannan harka, kuna da bakin magana.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka.