Magana A Kan Mawaƙin Da Ke Ƙaga Waƙa Nan Take

 

Ya 'yan'uwa, akwai wata magana da ta bazu cikin jama'a wadda nake so mu auna ta, watau cewa mawaƙin da ke tsayawa gaban taro ya ƙaga waƙa nan take, ba shiri ba rubutu, wai aljanu ne ke sa masa ita a baki. An faɗi haka a kan Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa, wanda ya rasu a 1999, Allah ya jiƙansa, don an sha ganin ya haɗu da mutum yau, kafin kalangu ya yi zafi ya shirya masa waƙa sukutum. Zancen kuwa tsoho ne, Larabawan jahiliyya ma sun ce kowane sha'iri yana da shaiɗaninsa. Hukuncin kiɗa kansa ba shi na zo yi ba, malamanmu sun yi bayaninsa cikin littattafansu. Abin da nake musu shi ne zancen aljanun nan.

Ka duba yadda waƙar baka take. Tana da gindi, wanda 'yan amshi ke maimaitawa ba ya sākewa, tana kuma da ɗiya, waɗanda jagora ke kawowa ɗaya bayan ɗaya. To, sa'ad da 'yan amshi ke riƙe da gindi, a nan jagora ke numfasawa, ya dubi fuskokin mutane, ya zaɓi abin da zai faɗa. Kiɗa kuwa ya riga ya yanka masa awo, kamar yadda bahari ke yanka wa mai rubuta waƙa, ba shi da ikon ƙetare shi. Cikin ƙirjinsa kuma akwai rumbu: kirarin garuruwa, asalin gidaje, sunayen iyaye da kakanni, karin magana, da duk abin da ya tsinta tun yana yaro yana amshi bayan wani. Daga rumbun nan yake ɗiba. Wanda bai tara ba, in ya buɗe baki sai kame-kame.

Mu da ke zaune da almajirai mun san wannan sarai. Yaro ya kan shekara da shekaru yana wanke allo, sa'an nan wata rana a taɓo masa kan aya ya zarce ba gargada, kuma ba mai cewa aljani ne, sai a ce ya sha tilawa. Bambancin dai, kuma babba ne, mai tilawa ba ya ƙara ko wasali ɗaya, shi kuwa mawaƙi ƙarin shi ne sana'arsa.

Kada kuma a ɗauka wanda ya shirya a gida ya gaza. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa, mai kotso, mawaƙin Sarkin Gobir na Isa, su kan zauna da yaransu su tsara waƙa su gyara ta kafin a kai ta gaban sarki, amma duk da haka in baƙo ya shigo ko aka yi kyauta, nan take a saƙa shi a ciki.

Dalilin da ya sa na tsananta a kan wannan shi ne, in muka yarda aljani ne ke magana, mun sauke wa mawaƙi alhakin bakinsa ke nan. Alhali kuwa shi ya zaɓa, da hankalinsa, cikin ɗan lokacin nan na amshi, ko ya faɗi alherin da mutum ya aikata, ko ya yi masa yabon ƙarya saboda riga, ko ya yi wa abokin gabarsa zambo ya tona asirin gidansu. A da in an yi zambo a dandali, iska ta kan tafi da rabinsa kafin gari ya waye. Tun da faifai ya zo, kaset ya biyo, ga kuma waya a hannun kowa, kalmar da aka jefa cikin ƙiftawar ido sai ta zauna, wanda aka yi wa ya mutu, jikokinsa suna jin ta a rediyo.