Kiwon Lafiya: Shaidar Da Yawu Ke Bayarwa

Jama'ar Gashuwa da Nguru da Karasuwa sun daɗe suna fama da ciwon ƙoda, wanda galibi ba a gane shi sai ya ci jiki. Alhali kuwa baki kan tona asirinsa. Idan ƙoda ta gaza, dattin da ya kamata ya fita cikin fitsari sai ya taru a jini, ya malalo cikin yawu, numfashi ya riƙa zarni.

A ƙasar Malawi likitoci sun jarraba wata 'yar takarda da akan jiƙa da yawu, launinta ya sāke gwargwadon dattin. Ba allura, ba lantarki. Ba ta kai awon jini ba, amma da ma'aikacin lafiya a Jajimaji yana da ita, da ya san wanda zai hanzarta turawa babban asibitin Nguru.