Cannes da ƙafa ake ganinta

1/ Jama'a, in jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ya yada zango da kai a Cannes, kudancin Faransa, don Allah kar ka biya kuɗin motar zaga gari. Taka sayyadarka.

2/ Manyan jiragen can cikin teku suke tsayawa, ƙanana ke kawo mutane gaɓa. Daga nan zuwa titin Croisette 'yan mintuna ne, shi kansa titin bai wuce kilomita 3 ba.

3/ Teku a dama, otal ɗin Carlton da shagunan Chanel da Dior a hagu. Gaban Palais des Festivals, inda ake bikin finafinai, ga shatin tafin hannun jarumai a ƙasa. Wanda ke cikin mota ina zai gani?

4/ Gaskiya wurin kan sa talaka ya raina kansa. Gadon shan iska a bakin ruwan otal sai ka biya. Amma shuɗayen kujerun kan titi kyauta ne, kuma teku ɗaya kuke kallo da mai kuɗin.

5/ Illar ɗaya ce: jirgi kan jira motar da ya tura, ba ya jiran mai yawon kansa. Ka riƙa duba agogo fa.