Hazo Daga Allah Ne, Ruwan Sha Daga Kamfani

Maudu'inmu na wannan makon kan jirgin sama ne. Kada wani ya ce wannan zancen masu kuɗi ne. Manomin Kura ko Bunkure da ya sayar da shinkafar rani ya biya wa mahaifiyarsa kujerar Umara fasinja ne, haka ɗan kasuwar Kwari mai sammakon Legas. Daga nan Kumbotso zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano ba wata tafiya ba ce, kuma kusan kowane gida akwai wanda ya taɓa raka matafiyi.

Jinkirin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne wanda ake yi bayan an kwashi mutane an rufe ƙofa. A zauren jira kana iya miƙe ƙafa, ka yi alwala, ka sayi ruwa. A cikin jirgin da ke tsaye kan kwalta, a zafin Afrilu na Kano da ke haura digiri 40, ba ka da ikon komai. Tsohuwa mai ciwon suga tana ciki, mai goyo tana ciki, lokacin salla yana wucewa, ba wanda ya ce uffan.

Mu kuma sai mu ce a yi haƙuri, jinkiri alheri ne. Gaskiya ne hazon hunturu yana hana tashi da sauka a Kano, kuma ba mai hankalin da zai so matuƙi ya tashi alhali ba ya ganin gabansa. Amma hazo bai hana a ba mutum ruwa ba, bai hana a gaya masa dalili ba. Waɗannan a hannun kamfani suke, kuma ba alfarma ba ce.

Kashi na 19 na dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ya fayyace. A jirgin cikin gida, dole a sanar da fasinja dalilin jinkiri cikin minti 30. Bayan awa 2 a ba shi abin taɓawa da damar kiran waya. In ya wuce awa 3 yana da ikon neman a mayar masa da kuɗinsa. In abin ya kai tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba, masauki da motar kai shi suna wuyan kamfani. A fahimtarmu, lissafin yana farawa ne daga lokacin da ke jikin tikiti, shigar da mutum cikin jirgi ba ta tsayar da agogo. Mu tambayi kanmu, mutum nawa a wannan zauren suka san haka kafin yau?

Amurka ma sai da ta sha wuya. A watan Agustan 2009 aka bar fasinjoji 47 suka kwana cikin ƙaramin jirgi a garin Rochester na jihar Minnesota. Daga Afrilun 2010 doka ta fara aiki: bayan awa 2 a kawo ruwa da abinci, banɗaki ya kasance yana aiki, kuma kafin awa 3 a ba fasinjan cikin gida damar sauka, sai dai in akwai dalilin tsaro. A 2023 an ci kamfanin American Airlines tarar dala miliyan 4.1 kan saɓa wannan. Tarar ce ke sa doka ta yi haƙori.

Sai dai mu ma da namu. Zagin ma'aikaciyar jirgi ko tare ƙofa ba ya ƙwato haƙƙi, ba ita ta tsara tashi ba, kuma ƙarshensa hannun jami'an tsaro. Abin da ke aiki shi ne ka adana takardar shiga jirgi, ka rubuta lokacin da aka rufe ƙofa da lokacin da aka tashi, ka kai ƙorafi a rubuce wurin jami'an kare haƙƙin fasinja na NCAA da ke filin jirgin.

Ita kuma hukumar, muna roƙon ta manna waɗannan ƙa'idoji da Hausa, boko da ajami, a zauren jira na Kano da sansanin alhazai, ta sa a riƙa karanta su a gidajen rediyo kafin azumi, lokacin da masu Umara ke tururuwa. Kuma a faɗa wa kowa ƙarara awa nawa za a iya riƙe shi a jirgin da bai tashi ba kafin a buɗe masa ƙofa.